Jirgin da Dogara Ya Ɗaga wa Hannu

A wani lungu na Ƙofar Doka akwai gidan da ake zuba wa mutum tuwo kullum da yamma, alhali rabonsa da gidan shekara tamanin da biyu. Duk unguwar an san da zancen. Yara sun tashi sun tarar ana yi, iyayensu ma haka suka tarar, har abin ya daina ba kowa dariya. Mai tuwon sunansa Dogara. Mai zubawa kuwa 'yarsa ce, Hajiya Batulu, wadda ba ta taɓa sa shi a ido ba, don tana ciki ya tafi.

Gidan na fataken goro ne tun kaka da kakanni, kuma suna da wata doka tasu ta cikin gida. Ba a kashe matafiyi da baki. Komai daɗewarsa, sai wanda ya ga gawarsa da idonsa ya zo zaure ya faɗa, sannan mata su shiga takaba, a yi sadaka, a fara ce masa marigayi. Kafin nan ba mai cewa Allah ya jiƙansa. Abin da ake cewa shi ne Allah ya dawo da shi lafiya, a kuma zuba masa tuwonsa a akushi, in gari ya waye bai zo ba a ɗumama a bai wa wanda Allah ya ciyar. An ce dokar ta samo asali ne daga wani kakansu da aka yi wa sadakar arba'in, bayan shekara bakwai sai ga shi daga Gwanja da jakunansa, ya tarar matarsa na goyon ɗan wani.

A zamanin Dogara an daina bin jakuna. Goro ta ruwa yake zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauko shi, kuma Dogara tun yana saurayi ya saba zama a kan huhun goro a saman jirgin ruwa, ana tafe ana hira. Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta, harkar goro ta tsaya cak, sai ya nemi aiki a wani jirgin dakon kaya na Turawa. Ya aiko wa matarsa Huseina wasiƙa guda ɗaya, ya ce in mace aka haifa a sa mata Batulu. Daga nan shiru.

Huseina ta jira. Da aka shekara huɗu 'yan'uwanta suka ce ta je wurin alƙali a raba auren, shari'a ta ba ta dama. Ta yi ƙememe ta ƙi. Matan unguwa kuwa, ka san bakinsu ba ya hutu, suka ce ai Dogara ya samu wata ce a kurmi ya tare, har akwai wadda ta rantse ƙaninta ya gan shi a Sakwandi yana sayar da tsire. Huseina ba ta tanka wa kowa ba. Ta riƙe 'yarta da sana'ar dakuwa, tana wanke akushi tana zuba tuwo, har shekara arba'in da shida. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun Batulu, wadda a lokacin mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta, ta ce:

"Kada ki kashe mini shi da baki. Sai mai shaida ya zo."

Batulu ta ce to. Wannan to ɗin ce ta ɗaure ta har tsufa.

Kada ka ɗauka Hajiya Batulu ba ta da lissafi. Ta fi kowa sanin cewa da ubanta na raye da ya haura shekara ɗari da biyar, kuma ba ta tsammanin wata rana zai yi sallama da sanda a hannu. Abin da ke cin ta daban ne. Kullum ta idar da salla sai ta bi matattunta ɗaya bayan ɗaya, Iya mahaifiyarta, da maigidanta, da 'ya'yanta biyu da suka riga ta, kowa ta roƙa masa rahama. In ta zo kan ubanta sai ta ce Allah ya dawo da shi lafiya, tana faɗa tana jin kunyar Ubangiji. Mutum ya mutu ba wanda ya taɓa nema masa gafara da sunan mamaci, ko sau ɗaya, kuma ita kaɗai ce 'yarsa a duniya. Ta yi kukan wannan a ɓoye ba adadi. Limamin unguwa ya aiko mata cewa irin wannan alkawari bai hau kanta ba, ta yi wa ubanta addu'a. Ta aika masa da godiya da goro, ta ci gaba da abinta.

Yanzu ga ido ya yi yana, ga ƙafa ta ƙi. Ɗanta Sagiru ma'aikaci ne, da safe yake fita, matarsa Rahama ce ke tuƙa tuwo, amma zuba na akushi Hajiya ba ta bar wa kowa ba. Rahama mace ce mai barkwanci, takan ce, "Inna, yau miyar kuka ce, ko Kaka yana so da man shanu?" Hajiya ta ce, "Sa masa, ja'ira." Su yi dariya. Amma Rahama ta lura tun shigowar daminar bana tsohuwar ta daina mayar mata da wasan, sai dai ta zuba ta rufe da faifai, ta zauna ta zuba wa akushin ido.

Wata Talata da hantsi, an kwana ana ruwa, lungu duk ya caɓe, sai aka yi sallama a zaure. Rahama ta leƙa ta dawo.

"Inna, wani dattijo ne, da gani ba ɗan cikin gari ba ne. Wai gidan Dogara na fataken goro yake nema."

Hajiya na tsinke zogale. Hannunta ya tsaya. Rabon da wani ya ambaci sunan nan a ƙofar gida da sunan nema, ita dai ba ta taɓa ji ba. Ta ce a shimfiɗa masa tabarma, ta yafa mayafi, ta dafa bango har zaure, Rahama na biye da kofin ruwa.

Baƙon zai yi shekara saba'in, siriri, da tabarau, takalminsa duk taɓo, ya rungume wata jakar leda a ƙirji kamar za a ƙwace. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa tsantsa. Ya ce sunansa Wilson, daga Wusasa, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma kwana uku ke nan yana yawo a Ƙofar Doka yana tambaya, sai yau wani mai shayi ya ce masa, a'a, ko gidan da ake zuba tuwo kake nufi?

"Hajiya, mahaifina sunansa Lucas. Ya rasu shekara talatin da suka wuce. Watan jiya rufin ɗakinsa ya fara yoyo, muka fito da adakarsa, na sami wannan a ƙasan kaya." Ya zaro wani littafin rubutu, bangonsa ya yi baƙi, gefensa gara ta taɓa. "Da hannunsa ya rubuta. Sun yi aiki a jirgi ɗaya da mahaifinki."

Hajiya ta zauna a kan dakalin zauren a hankali. Ta kasa tambayar da ke kan harshenta, sai ta yi wata.

"Ya gan shi ke nan?"

"Ya gan shi."

"To karanta, Malam. Kada ka tsallake komai don ganin tsufana."

Malam Wilson ya gyara tabarau. Ya ce kafin ya karanta sai ya yi mata bayanin abu ɗaya, in ba haka ba ba za ta gane ba. A wancan yaƙin, in ji shi, mutanen Japan sun ga jiragen yaƙinsu ba za su ishe su ba, sai gwamnatinsu ta bi kamfanonin 'yan kasuwa tana karɓe jiragen dakon kaya, irin masu ɗaukar shinkafa da auduga da katako. Wasu aka mai da su na kwasar soja, wasu na dakon harsashi da mai. Wasu kuma, masu gudu daga ciki, aka girka musu igwa a gaba da baya, aka lulluɓe da tamfal da katako, aka bar musu ƙugiyoyinsu na loda kaya yadda suke. Daga nesa ba abin da za ka gani sai jirgin 'yan kasuwa yana tafiyarsa. Sai ya matso kusa a yaye tamfal.

Ya buɗe littafin ya fara:

"Mu biyu ne 'yan Zazzau a jirgin, ni boyi ne a wurin hafsoshi, Dogara yana aikin sama, igiya da fenti da gadi. Shi ya girme ni. Yana kirana ɗan Mishan, ina kiransa Madugu. In na samo ragowar burodi shi nake kai wa, shi kuma yana da goro busasshe a ƙulle, yana ɓantara mini. Mun zaga ta ƙasan Afirka muka shiga tekun Indiya. Doka ita ce duk mai gadi in ya hango jirgi, ko wane iri ne, ya buga ƙararrawa nan take. Ran nan da safe Dogara ne a gaban jirgi. Na fito zubar da ruwan wanke-wanke, na gan shi ya cire farin ƙyallen da yake ɗaura wa kai yana kaɗawa sama, yana dariya. Na duba, ga jirgi can ya fito daga cikin hazo. Na ce Madugu, buga ƙararrawa. Ya ce haba ɗan Mishan, ba ka ga ƙugiyoyin kaya ba? Fatake ne 'yan'uwanmu. Ayari ba ya wuce ayari ba a gaisa ba."

Rahama ta ce, "Wayyo," can ƙasa-ƙasa. Maganar nan ta ƙarshe Hajiya ta san ta, Iya ta sha faɗin cewa haka mazan gidan suke, ko a daji suka haɗu da ayarin da ba su san yarensa ba sai sun tsaya an yi sannu, an ba juna labarin hanya. Yau ta fara jin muryar ubanta, a bakin wani Kirista mai tabarau.

Malam Wilson ya ci gaba. Lucas ya rubuta cewa bai san minti nawa suka wuce ba kafin wani hafsa ya hango jirgin da kansa ya yi ihu. Suna kallo aka yaye tamfal. Harbi na farko ya faɗa ruwa, na biyu ya ɗauke ɗakin waya, na uku ya sauka a gaban jirgin inda Dogara yake tsaye da ƙyallensa. Kafin azahar jirginsu ya nutse. Mutum goma sha ɗaya suka tsira a ƙaramin kwalekwalen ceto, har da Dogara, Lucas ne ya jawo shi ciki, ƙarfe ya farke masa ciki ta gefe. Jirgin Japan ɗin ya kwashi mutanen wani kwalekwalen, su hayaƙi ya kare su, bai gan su ba, ya juya ya tafi.

Nan Malam Wilson ya dakata da karatu. Ya juya shafin, ya mayar, ya dubi kofin ruwan da Rahama ta ajiye masa, bai taɓa ba.

"Na ce kada ka tsallake," in ji Hajiya.

Ya karanta:

"Kowa a kwalekwalen ya ga abin da Dogara ya yi, ba mai yi masa magana. Ruwan sha a hannuna yake, ni ke aunawa da gwangwanin madara, safe da yamma. Rana ta uku hafsan da ke tare da mu ya ce kada a ƙara ba wanda ba zai tashi ba. Dogara bai ji Turanci ba, amma ya ga na tsallake shi. Ya ce ɗan Mishan, ko ɗigo. Na kau da kai. Ina so wanda ya karanta wannan ya sani, ba don umarni kaɗai na hana shi ba. Haushinsa nake ji. Rana ta huɗu bai ƙara roƙo ba. Da la'asar ya kira ni, na matsa, ya ce in Allah ya kai ka gida ka je Ƙofar Doka, ka ce wa Huseina na mutu, ta yi takaba, kada ta jira, don na san halinta. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena. Da hannuna na sa shi a ruwa. Rana ta tara wani jirgi ya tsince mu, kuma da sauran ruwa a tulun."

Ruwa na ta ɗiga daga indararo. Can waje wani mai Keke Napep ya maƙale a taɓo yana ta zagin lungun. Rahama ta rufe fuska da gefen hijabi tana kuka. Hajiya Batulu kuwa idonta a bushe, ta ƙura wa ƙasa ido, tana murza gefen zaninta da yatsa biyu.

"Ya dawo gida, shi uban naka?"

"Ya dawo bayan an gama yaƙi."

"Wusasa."

"E, Hajiya."

"Wusasa ɗin nan da in an buga ƙararrawar cocinku iska na iya kawo mana." Ta ɗago kai. "Me ya hana shi zuwa?"

"Ya zo," in ji Malam Wilson. Ya ce sauran shafukan duk a kan haka ne. Lucas ya zo a makon da ya sauka, ya tsaya a wannan zaure da maganar a bakinsa. Sai wata yarinya 'yar shekara huɗu ta fito da faranti a kai ta ce ko dakuwa zai saya. Ya dubi fuskarta ya ga Dogara. Ya sayi dakuwa ya hau kekensa ya tafi, ya ce Asabar mai zuwa zai faɗa. Asabar ta zo ya sake sayen dakuwa.

Hajiya ta dafe ƙirji. Ai ta san shi. Baba Mai Keke. Dogon mutum mai gajeren wando da farar hular kwano, duk Asabar bayan azahar sai ya jingine kekensa a bakin zauren nan, ya saye dakuwar da ta rage kaf, ba ya taya, ba ya hira. Tana yarinya ita ke kawo masa, da ta yi aure ta bar gida yaran maƙwabta ke miƙa masa, da ta dawo ta tarar da shi yana nan, ya tsufa, yana tura keken maimakon hawa. Kuma duk zuwan da zai yi Iya sai ta aiko masa da ruwa a moɗa, don ba a barin baƙo a zaure ba ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe, ya yi ta kallonsa, ya mayar bai kurɓa ba. Iya takan ce, "Wannan bawan Allah ƙyanƙyamin ruwanmu yake, amma ba ya ƙyanƙyamin dakuwarmu." Ranar sadakar ukun Iya ma ya zo, ya zauna can gefe cikin maza har aka watse. Daga ranar ba a sake ganinsa ba.

"Mun tashi gidanmu ba a rabuwa da dakuwa," in ji Malam Wilson. "Mu ci, mu kai makaranta, mu ba maƙwabta. Ban taɓa ganin ya sa ta a bakinsa ba. Mun ɗauka don mu yake saye."

Hajiya ba ta taɓa tsanar mutum ba irin yadda ta tsani Baba Mai Keke a wannan lokacin, kuma abin haushin, fuskar da take tunawa ta mai kirki ce, har alewa yakan kawo mata. Shekara arba'in da biyu Iya na bayan wannan bangon, taku goma tsakaninsu, tana daka gyaɗa da aya saboda shi, tana jin ƙarar kekensa. Kalma uku kawai zai faɗa. Da Iya ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma tana da ƙuruciyarta, da ta yi aure, da wataƙila Batulu na da ƙanne. Da matan unguwa sun rufe bakinsu da zancen mai tsiren Sakwandi.

Malam Wilson, halin malamin makaranta, ya ga shirun ya yi yawa sai ya shiga cike shi da bayani. Ya ce tun da ya sami littafin bai huta ba, ya karanta duk abin da ya samu a kan irin waɗannan jirage. Igwarsu na cin nisan da ido da ƙyar yake kaiwa, kuma sun fi jirgin dakon kaya gudu nesa ba kusa ba. Ko da Dogara ya buga ƙararrawar nan tun ganin farko, da wuya ƙwarai a ce sun tsira. Turawan da suka yi karatun teku ma an yaudare su haka. Ya zaro wayarsa ya lalubo wani tsohon hoto, ya ce ba shi ne ainihin jirgin ba, ba wanda ya san wanne ne, amma irinsa ne.

Hajiya ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta na dama, wanda ya fi gani. Ta daɗe tana dubawa. Dogon jirgi ne baƙi, da bututun hayaƙi guda, da sanduna tsaye gaba da baya masu igiyoyi.

"Ina bindigar?"

"A rufe take, Hajiya. Ba a gani."

"Wannan ai jirgin kaya ne," ta ce. Ta miƙa masa wayarsa. "Ni ma da na ɗaga masa hannu."

Sai a nan hawaye suka zo mata, ba da sauti ba, suna bin tamojin fuskarta suna sauka a mayafi. Ta bar su suka gama. Sannan ta share da tafin hannu, ta gyara zama, ta ce dokar gidan nan ba ta san takarda ba, da baki ake faɗa, a zaure. Tunda mai shaidar ya tafi ya bar wa ɗansa, to ɗan ya faɗa.

Malam Wilson ya rufe littafin ya cire tabarau. Ya ce, "Hajiya, na zo in shaida miki, a madadin mahaifina da ya gani da idonsa, Dogara ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya. Ta ɗaga tafukanta. "Allah ya dawo da..."

Ta tsaya. Harshen da ya shekara kusan tamanin a kan hanya ɗaya ya bi hanyarsa shi kaɗai. Rahama ta matso ta riƙe mata kafaɗa. Hajiya ta ja numfashi, ta sake ɗaga hannu, ta faɗa da kalma ɗai-ɗai kamar mai koyon magana:

"Allah ya jiƙan Baba. Allah ya gafarta masa. Allah ya shayar da shi."

Suka ce amin, har da baƙon.

Da zai tafi ya tsaya yana juya jakar ledarsa, ya ce akwai abu ɗaya, in ba zai zama rashin kunya ba. A shafin ƙarshe mahaifinsa ya rubuta cewa yana roƙon gafarar mutanen gidan nan. Sai da ya fara sanya takalmi Hajiya ta ce:

"Na ruwan, tsakaninsu ne, sun haɗu can inda ba a ɓoye komai. Nawa na yafe, don ya jawo shi cikin kwalekwale, kuma ya ji shahadarsa ya rubuta. Amma na Iya ba nawa ba ne, Malam. Ba ni da ikon yafe shi." Ta nuna kofin da ke gefen tabarma. "Ɗauki ruwan nan ka sha. Ba za a ƙara mayar mini da ruwa daga zauren nan ba."

Ya ɗauka da hannu biyu ya shanye. Ya bar mata littafin, ko da yake ba ta iya karatun boko ba.

Da yamma Rahama ta tuƙa tuwo ta kwashe. Ta ɗauko akushin daga inda yake, ta tsaya da shi a hannu a tsakar gida, ba ta san abin da za ta yi ba, kuma yau babu wasa a bakinta. Hajiya ta ce ta kawo. Ta ja kujera ta zauna a bakin rariya, ta wanke shi da kanta ciki da waje, baƙin itacen ya sha hannu har ya yi santsi, gindinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Ta kife shi a kan turmi. Ta ce gobe in Sagiru ya tashi ya gaya wa liman a sanar a masallaci, a yi sadaka, a faɗi sunan da ƙarfi yadda duk lungun zai ji.

Daga nan ta dafa bango ta nufi ɗakin Iya, wanda yanzu buhunan masara ne a ciki da tsohon keken ɗinki. Ta san sarai ba kowa a ɗakin, ta kuma san wanda ya tafi ba ya jin sallama. Duk da haka ta yi sallama, ta ɗaga labulen buhu, ta tsaya a bakin ƙofa tana fuskantar kusurwar da gadon yake a da.

"Iya, mai shaida ya zo," ta ce. "Ba gudu ya yi ba. Ya aiko a gaya miki ki yi takaba, wai kada ki jira."

Ta ɗan tsaya kamar mai sauraron amsa. Sannan ta saki labulen, ta ce wa Rahama ta zuba mata ruwa a buta, magariba ta kusa.